Wayar Tuwon Injiniya Muntaka

A lungun da ke gaban baƙalar Baba Abdulwahid, wato kantinsa na kayan masarufi, a unguwar Ammariyya ta Jidda, kowa ya san Muntaka, amma da wuya ka samu wanda zai faɗa maka sana'arsa. Bakano ne, ya shigo Jidda da sunan umara ya ƙi komawa. Ya taɓa yin shara a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, inda ake jibge manyan naɗin waya, har zuwa ranar da aka same shi yana sharar barci a bayan naɗin aka sallame shi. Tun daga nan ya raɗa wa kansa Injiniya, kuma wanda duk ya kira shi Muntaka kai tsaye sai ya yi kamar bai ji ba.

Matarsa Zubaidatu ce ke riƙe da gidan. Tana tuƙa tuwo da miyar kuka, ranar Juma'a ta yi dambu, a ɗan ɗakinsu na bene. Masu cinikinta gwauraye ne 'yan dakon tashar jiragen ruwa, waɗanda ke cunkushe a benen da ke kallon nasu, tagarsu na fuskantar tagarta. Aikin Muntaka ɗaya ne tak a duniya: ya ɗauki kwanuka ya sauka matakala, ya tsallaka lungu, ya hau matakala, ya miƙa. Wannan aikin shi ne yake cewa yana ci masa mutunci.

Wata rana bayan La'asar ya sauko baƙala, inda maza ke zaman shayi, ya ja kujera ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kun san kalmar nan waya ta Turawa ce?"

"Ga shi nan zai fara," in ji Kassimu. Shi Kassimu Badamagare ne, shi ne babba a ɗakin gwauraye, kuma bai taɓa barin maganar Bakano ta wuce salin-alin ba.

Muntaka bai kula shi ba. "Bature in ya ce waya, asali ƙarfen nan ne siriri. Amma ku dubi inda ya kai ta. Wutar lantarki ta waya take zuwa. Shinge, waya. Saƙon gaggawa na da, waya. Zai aika kuɗi ta banki, sai ya ce a yi musu waya. Ɗan leƙen asiri ya ɓoye na'ura a ƙirji, su ce ya ɗaura waya. Mutum mai rawar kai ma, waya mai wuta suke ce masa. Mu kuma muka karɓa muka ƙara namu. Abin da ke aljihunku, ko silin ƙarfe ba ya lilo a jikinsa, amma waya kuke ce masa."

"To duk a ciki wacce ka iya?" in ji Kassimu.

"Duka."

Baba Abdulwahid, wanda a Jidda aka haife shi, Hausarsa ma da ƙamshin Larabci take fita, ya ce, "Wallah ya Muntaka, mu nan silk muke ce mata."

"Siliki? Baba, ana zancen ƙarfe kana zancen kayan lefe?"

"Mu da muka yi makarantar lakwal da Faransanci, fil muke cewa," in ji Kassimu.

Baba Abdulwahid ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi. "Fil ai giwa ce da Larabci!"

Muntaka ya buɗe hannuwa. "Kun ji ko? Ɗaya ya ce siliki, ɗaya ya ce giwa. Shi ya sa kuke nan inda kuke. To ni zan nuna muku wani amfanin waya da Bature ma bai gano ba. Daga gobe tuwo a sama zai riƙa tafiya. Daga tagarmu zuwa tagarku. Ba sauka, ba hawa, ba haɗuwa da askarawa a hanya su ce ina iƙama, takardar zama."

Da ya kai wa Zubaidatu labari, ta tsaya da muciya a hannu ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Malam, matakalar me ta yi maka?"

"Zubaida, ba za ki gane ba. Harkar injiniyoyi ce."

"Na gane sarai. Harkar ƙiwa ce."

Washegari ya hau saman bene neman kayan aiki. Can ya ga wata baƙar waya doguwa tana kwance a gefen tankin ruwa, ta zagaya ta bi bango ta sauka. Ya duba gabas ya duba yamma, ya yanke hukuncin cewa ba ta da mai ita. Ya sa almakashin Zubaidatu ya datse ta nan da can, ya naɗo abinsa.

Sai tsallakar da ita. Ya ɗaura albasa a bakin wayar, ya kira Kassimu ya tsaya a taga. Ya wulwula ya jefa. Albasa ta kuɓuce ta daki butar shayin Baba Abdulwahid. Ya sake ɗaura wata, ta faɗa cikin kwandon wani mai keke da ke wucewa, mutumin ya ɗaga hannu ya yi godiya ya ƙara gaba. Ta gaba ta sami Kassimu a goshi.

"Ka kama mana!" in ji Muntaka.

"Da goshi ake kamawa a Kano?"

Baba Abdulwahid ya leƙo daga ƙarƙashin rumfarsa. "Ya Muntaka, in akwai tumatir ka jefo, na fara miya."

Da ƙyar dai waya ta tsallaka. Aka ɗaure nan, aka ɗaure can. Muntaka ya jera kwanuka a bokiti, ya rataya bokitin da ƙugiya, ya yi bismilla da ƙarfi yadda duk lungu zai ji, ya tura. Bokiti ya tafi suuu, gwanin sha'awa, har tsakiyar lungu. A nan waya ta lotsa, bokiti ya tsaya cak, ya karkata, miyar kuka ta fara ɗiga tana zare kamar ba za ta tsinke ba.

"Injiniya, ya tsaya shan mai ne?" Kassimu ya yi kira.

"Hutawa yake. Kowace na'ura tana hutawa."

Ana cikin haka aka buga ƙofa. Hajiya Tahani ce, maƙwabciyarsu da ke ɗakin gefe, bazawara 'yar haihuwar Jidda, wadda ba ta da abin so a duniya kamar wasan kwaikwayon da take bi a talabijin kowace rana.

"Ya Injiniya, taho yalla! Talabijin ya mutu, ana tsakiyar ɗaurin aure!"

Muntaka ya bi ta yana taƙama. Ya leƙa bayan talabijin, ya ƙwanƙwasa gefe, ya kara kunne, ya girgiza kai irin na likitan da ya ga ciwon da ba ya jin magani.

"Hajiya, matsalar daga sama ce. Tauraron ne ya juya wa Jidda baya. Sai an jira ya juyo."

"Yaushe zai juyo?"

"Ya danganta da iska."

Sai ga ihun hankaki a waje, kamar an buɗe kasuwa. Hajiya Tahani ta je taga ta ga abin da ya tara su. Ta ga bokiti a sararin sama, hankaki sun yanyame shi suna wasoson tuwo. Ta bi wayar da ido. A jikinta, daf da tagar Muntaka, ga wani jan ƙyalle yana kaɗawa, wanda ita da hannunta ta ɗaura don ta riƙa bambance wayar dish ɗinta da ta maƙwabta.

Ta juyo a hankali.

"Tauraro ya juya baya?"

"Hajiya, bari in yi miki bayani a ilimance..."

"Haza silki! Wayata ce! Wayata ka mai da hanyar tuwo, ya harami!"

Abin da ya biyo baya rabinsa Larabci ne, rabinsa takalmi. Muntaka ya kwance waya a guje, bokiti ya faɗo ƙasa, magunan lungu suka ƙarasa abin da hankaki suka rage. Ya koma sama ya harhaɗa mata wayarta da salatif. Talabijin ya kama, sai dai tun daga ranar tasha ɗaya yake nunawa, ta tseren raƙuma. Gwauraye kuwa da burodi da gwangwanin kifi suka yi abincin rana.

Da wani ne, da ya saduda. Muntaka cewa ya yi ai gwajin farko ya nuna tuwo yana iya kaiwa rabin hanya, saura rabi. Ya tafi haraji, kasuwar gwanjo, ya dawo da wayar ƙarfe mai kauri irin ta jan kaya, da tayoyin keken yara biyu da ya cire wa roba, da ƙugiyoyi, da igiyar ja, da wata hular kwano ruwan ɗorawa mai tsaguwa a ƙeya. Hular ce ya fara sawa kafin ya taɓa komai.

Abin mamaki, wannan karon abu ya yi aiki. Taya na gudu a kan waya, Kassimu na jan igiya, bokiti ya isa lafiya. Gwauraye suka yi tafi. Muntaka ya kumbura har ƙofar ɗaki ta kusa yi masa kaɗan. Ko masallaci zai je da hular kwano yake zuwa, sai a bakin ƙofa ya cire ta ya ajiye tare da takalma.

Ya sauko baƙala ya yi sanarwa: "Daga yau duk mai son abinci ya yi oda ta waya."

Nan ma aka samu matsala. Wasu suka fahimci wayar aljihu, suka riƙa kiran Zubaidatu tana tsakiyar tuƙi. Shi kuwa Muntaka wayar ƙarfe yake nufi, don ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a jikinta a bakin taga: girgiza ɗaya tuwo, girgiza biyu dambu. Bai yi lissafin tantabarun Ammariyya ba. Da suka ga an yi musu sabon wurin zama, suka riƙa sauka suna tashi. Gwangwani ya yi kacau, Muntaka ya ce, "Tuwo!" Ya yi kacau-kacau, ya ce, "Dambu!" Zubaidatu ta zuba, ya tura. Gwauraye suka ga abinci na zuwa ba su tambaya ba, suka ɗauka sadaka ce, suka ci suka yi wa iyayen Muntaka addu'a.

"Malam, wa ya yi odar nan?" Zubaidatu ta tambaya da ta ga tukunya ta yi ƙasa.

"Waya ta yi ƙara, ke ma kin ji."

Ta leƙa taga. Tantabaru sun jeru a kan waya, sun yi bul-bul. "To ga masu odarka nan. Je ka karɓo kuɗin."

Bayan an cire gwangwanaye, sai wani sabon baƙo a ɗakin gwauraye, wanda ba a yi wa bayani ba, ya ga waya a bakin taga ya ɗauka ta shanya ce. Ya wanke kayansa ya baza. Da Muntaka ya jawo bokitin da ya kai abinci, ƙugiya ta kwaso shanyar gaba ɗaya ta shigo da ita ta taga. Wani gajeren wando mai zanen dabino ya sauka daidai cikin tukunyar miya.

Zubaidatu ta sa ludayi ta tsamo shi, ta ɗaga a gaban fuskar mijinta yana ɗiga.

"Wannan ma yana cikin ma'anonin Bature?"

"Ƙaramin kuskure ne na sadarwa."

"Malam, wallahi saura kaɗan in sadar da kai ta tagar nan."

A cikin wannan hali aka yi wa Kassimu waya daga Damagaram cewa matarsa ta sauka, an samu namiji. Ya sayi rago, ya ce ranar Juma'a bayan La'asar zai yi walimar suna a saman benensu, kuma Zubaidatu ce za ta yi girkin. Ba ta taɓa samun aiki mai girman wannan ba. Za a zo daga unguwar Karantina, za a zo daga unguwar Balad, har da masu shaguna da ke neman mai dafa wa ma'aikatansu. In abinci ya yi daɗi, ta haye.

Tukunyar da ta aro ba ta shiga ɗakin girkinta, don haka a saman benensu ta kafa murhun gas. Tun safe take aiki. Shinkafa ta dahu da naman rago, ƙamshi ya cika lungu har Hajiya Tahani ta manta da fushi ta hau da 'yar tasa. Zubaidatu ta rufe tukunya, ta ɗaure murfi da tsumma, ta juya ga mijinta.

"Malam, zan sauka in yi wanka in sauya kaya. Ka nemo ƙarfafa biyu su kama hannuwan tukunyar nan su bi matakala. Matakala na ce. Ka ji?"

"Na ji."

"Me na ce?"

"Zubaida, ni yaro ne?"

Tana sauka ya shiga aiki, don tun jiya ya gama shirinsa. Benensu ya fi na gwauraye tsawo da hawa ɗaya, saboda haka ya kwance wayar daga tagogi ya mai da ita sama: kai ɗaya a jikin ƙarfen saman benen su Kassimu, ɗaya kan kuma ya rasa inda zai ɗaura, sai ya naɗa shi a bututun tankin ruwa. Gangara ta samu, ba sai an ja igiya ba. Ya rataya tukunya a tayar farko, ya bar ta biyu da ƙugiyarta a baya don tiren salak.

A ɗaya benen baƙi sun cika, an shimfiɗa darduma, fararen jallabiyoyi sai ɗaukar ido suke. Muntaka ya gyara hular kwano, ya ɗaga wando, ya tafa hannu.

"Jama'a, assalamu alaikum! Yau za ku ga abin da za ku ba jikokinku labari!"

Kassimu ya miƙe a firgice. "Injiniya, kada ka soma! Ragon sunan ɗana ne!"

"Kwantar da hankalinka, Badamagare. Wayar nan jirgin ruwa take ja."

Ya tura tukunya. Ta tafi da nauyinta, taya na kuka. Daidai tsakiyar lungu aka ji ƙiii daga baya. Bututu ya lanƙwashe. Waya ta yi ciki, tukunya ta tsaya tana lilo a saman lungu.

Wani dattijo ya ce, "La haula."

"Babu komai!" in ji Muntaka. "An tanadi wannan."

Abin da aka tanada sandar goge ƙasa ce. Ya hau kan katangar bene, ya miƙa sanda, ba ta kai ba. Ya ƙara miƙewa, ya juya gefe don hannunsa ya ƙara tsawo. A nan ƙugiyar taya ta biyu, da ke lilo a bayansa, ta sami bel ɗin wandonsa ta shige. Ƙafa ta zame. Taya ta yi abin da aka ƙera ta ta yi.

Jama'ar Ammariyya suka ga Injiniya Muntaka ya taho a sama, fuska na kallon ƙasa, hannuwa da ƙafafu a baje, sanda a hannu, yana salati da muryar da ba a san yana da ita ba. Hular kwano ta daki tukunya, ƙwam! Ya tsaya. Ga tukunya, ga Injiniya, suna lilo tare.

Bututu ya ƙara cewa ƙiii, ya ɓalle daga maƙalinsa na farko. Waya ta zube ƙasa kaɗan. Ruwan tanki ya yi tsiri sama ya dawo lungu kamar damina.

Baƙi suka ruga matakala suka cika lungu. Tagogi suka buɗe. Samari suka ɗaga wayoyinsu suna ɗauka. Wasu suka jawo darduma suka kama gefe-gefe a ƙarƙashinsa, ruwa na dukansu.

Hajiya Tahani ta leƙo ta tagarta da waya a kunne. "Halas! Zan kira 'yan kwana-kwana!"

Lungu ya ɗauka baki ɗaya: "A'a!"

Ita tana da takardunta. Amma a cikin masu riƙe da dardumar nan, da wuya a samu uku masu iƙama. In motar kwana-kwana ta zo, askarawa na biye, kuma da an sauko da mutum ɗaya daga sama za a kwashe rabin lungu zuwa gidan jiran jirgi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Tuni wasu suka fara zare jiki suna duban bakin lungu.

"Hajiya!" Muntaka ya yi kira daga sama, ruwa na shiga masa baki. "Don girman Allah kada ki buga waya!"

"Wacce daga ciki, Injiniya?" in ji Kassimu. "Ai kai ka ce suna da yawa."

"Ta hannu! Ta hannu!"

"Ita wadda ka rataya a jiki fa, a bar maka?"

"Kassimu, ka ji tsoron Allah!"

"Kai ka ji tsoron ragona?"

Bututu ya sake ɓallewa. Suka ƙara zubowa, yanzu sun zo daidai tagogin hawa na farko. Murfin tukunya ya ɗan karkata, tururi ya fita.

Baba Abdulwahid ya turo 'yar motar ɗaukar kayansa tsakiyar lungu. "Yalla, ku hau sama! Amma ɗaya za a iya saukewa a lokaci guda. Wa za a fara?"

"Ni!" in ji Muntaka.

"Tukunya!" in ji Kassimu.

Gardama ta kaure. Wani malami daga Karantina ya ce rai ya fi shinkafa. Wani ɗan dako ya ce tun jiya bai ci komai ba saboda walimar nan. Wani ya ce a tambayi mai ɗakin.

Sai ga Zubaidatu a taga, da ɗankwali a hannu bai kai ga kai ba. Ta dubi tukunya. Ta dubi mijinta. Ta sake duban tukunya.

"Zubaida," in ji Muntaka a raunane, "gaya musu."

"Ku fara da tukunya."

"Zubaida!"

"Kai ko ka faɗo za ka tashi, Malam. Shinkafa in ta zube ba ta tashi."

Ƙarfafa suka hau kan mota, suka tallabi tukunya da tsumma, suka ɗaga, suka zare ta daga ƙugiya. Lungu ya yi kabbara. Masu riƙe da darduma duk suka juya kallon tukunya, wasu ma suka saki gefensu suka je tarbarta.

Ba wanda ya yi tunanin abin da waya za ta yi in an rage mata nauyi. Ta yi tsalle sama, ta cilla Muntaka, ta dawo da shi. Bel ya tsinke, ƙugiya ta riƙe ƙugun wando. Aka ji ɓararrr. Injiniya ya zame daga cikin wandonsa kamar an matse ayaba daga ɓawo, ya sauka a kan rumfar baƙala. Rumfa ta riƙe shi na ƙiftawar ido, sannan ta yage ta miƙa shi cikin akwatin tumatir.

Ya kwanta shiru, jikinsa jawur.

Zubaidatu ta ƙwalla ƙara. Ba wanda ya ga saukowarta, sai ganinta aka yi durƙushe a kansa tana jijjiga shi. "Malam! Malam! Na shiga uku, jini!" Ta shafo ƙirjinsa da hannu, ta duba, ta ga 'ya'yan tumatir. Ta kai hanci ta sansana. Ta miƙe ta goge hannun a rigarsa.

"Tashi. Ka ɓata wa Baba kaya."

Muntaka ya buɗe ido ɗaya. "Tukunya ta isa?"

"Ta isa, a kafaɗar mutane."

Aka rufe bakin tanki, aka ba shi zanen Zubaidatu ya ɗaura. Tun da saman bene ya yi wa kowa nisa, a lungun aka zauna, a gefen da bai jiƙe ba, aka buɗe tukunya. Shinkafa ko ƙwaya ba ta zube ba, kuma duk wanda ya kai loma sai ya tambayi wace ce mai girkin. Kafin a watse, masu shago biyu sun karɓi lambar Zubaidatu. A sama kuwa wandon Injiniya na kaɗawa a tsakiyar waya, tantabaru sun sauka gefensa suna kallon jama'a.

Da cikinsa ya ɗauka, bakin Muntaka ya dawo.

"In kun lura," ya ce yana suɗe yatsa, "abin da aka tabbatar yau shi ne wayar tana ɗaukar mutum. Wannan shi ne mataki na gaba dama. Nan gaba Baba ma ba sai ya..."

"Ya Muntaka," in ji Baba Abdulwahid, "ka sa sunana a wayarka, wallah ni da kaina zan kira askarawa."

Ana dariya sai wayar aljihunsa ta yi ƙara, daga sama, don tana cikin wandon. Wani dogo ya hau mota ya zunguro wandon da sandar goge ƙasa. Muntaka ya duba, fuskarsa ta sauya. Mahaifiyarsa ce daga Kano. Hannunsa na maiƙo, ya danna inda bai kamata ba, murya ta fito kowa na ji.

"Muntaka?"

"Na'am, Inna. Barka da yamma, ya jiki, ya..."

"Yanzu jikokin maƙwabta suka shigo mini da waya. Wai wani mutum a Jidda yana tashi sama da tukunya. Na ce ƙeyar nan na san ta."

Kassimu ya cusa hula a baki.

"Inna, ai aikin da nake gaya miki ne. Na injiniya. Gwaji muke yi."

"Gwaji."

"Eh, Inna. Kuma an yi nasara."

Tsohuwa ta nisa.

"To, Allah ya taimaka. Amma duk Fagge an gani, har limaminmu. In za ka sake gwajin, ɗan nan, ka sa wando biyu."